Kujerar da Amurka ta yi wa Cherokee alkawari tun 1835

A watan Mayun 1830 majalisar wakilan Amurka ta kaɗa ƙuri'a kan dokar da za ta bai wa shugaban ƙasa damar kwashe 'yan asalin ƙasar daga gabashin kogin Mississippi ya mayar da su yamma. Wakilai 102 suka amince, 97 suka ƙi. A majalisar dattawa 28 ne suka rinjayi 19, bayan Sanata Theodore Frelinghuysen na jihar New Jersey ya yi kwana uku yana jawabi, yana roƙon abokan aikinsa kada su aikata. Davy Crockett, wanda jiharsu ɗaya da shugaban ƙasa Andrew Jackson, ya ƙi goyon bayan dokar, ya kuma faɗi zaɓen da ya biyo baya. Mata a garuruwan arewacin ƙasar, waɗanda a lokacin ko 'yancin zaɓe ba su da shi, sun yi ta tara sa hannu suna aika wa majalisa koke. Ranar 28 ga watan Jackson ya rattaba hannu.

Duk sa'ad da aka taso da zancen yadda Amurka ta miƙe daga bakin tekun Atlantika har ta dangana da Pasifik, ba a rasa mai cewa ai zamani ne ya zo da haka, kowa ma haka yake yi, bai kamata a auna mutanen da da ma'aunin yau ba. Ni ban yarda da wannan magana ba, kuma ma'aunin mutanen wancan zamanin nake riƙe da shi. Sun san abin da ake shirin yi zalunci ne. Sun faɗa a majalisa, sun faɗa a coci, sun rubuta a jaridu, kuma kaɗan ya rage su yi rinjaye. Abin da ya wuce da tazarar ƙuri'a biyar zaɓi ne, kuma wanda ya zaɓa shi ke ɗaukar nauyin abin da ya zaɓa.

Daga cikin nauyin nan akwai wanda har yau ana iya saukewa ba tare da an tashi kowa daga gidansa ba. A cikin takardar da aka riƙe aka kori al'ummar Cherokee, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin ƙasar, daga ƙasarsu, Amurka ta rubuta da hannunta cewa suna da haƙƙin tura wakili majalisar wakilai. Ra'ayina shi ne a ba su kujerar nan, kuma hujjata tana cikin yadda takardar ta samo asali.

Yunwar ƙasa ta girmi Amurka kanta. Turawan Ingila sun sauka a Jamestown a 1607, suka sha wuya, har suka gano cewa taba ce za ta kawo musu kuɗi. Taba kuwa tana cinye ƙarfin gona cikin 'yan shekaru, sai a nemi sabon daji a sare. Daga 1618 kamfanin Virginia ya soma bai wa duk wanda ya biya wa mutum ɗaya kuɗin jirgi eka 50, alhali ƙasar da ake rabawa ta mutanen Powhatan ce, waɗanda masararsu ta raya baƙin a shekarun farko. A 1763, bayan Ingila ta ci Faransa da yaƙi, Sarki George na Uku ya shata iyaka a kan duwatsun Appalachian, ya hana talakawansa ƙetarewa su kama wuri. Shekara huɗu bayan haka George Washington, wanda safiyo ne kuma mai harkar filaye, ya rubuta wa abokinsa William Crawford cewa shi bai ɗauki shelar sarkin a bakin komai ba illa dabarar wucin gadi ta kwantar da hankalin 'yan ƙasa, ya ce masa ya lallaɓa a asirce ya nemo masa filaye masu kyau. Ana yawan koyar da cewa harajin shayi da na takardu ne suka haifar da juyin juya halin 1776, kuma haka ne, amma iyakar 1763 ma tana cikin abin da ya ɓata wa attajiran Virginia rai. Da aka yi sulhu a Paris a 1783, Ingila ta miƙa wa sabuwar ƙasar komai har bakin Mississippi, ba ta ambaci ko ƙabila ɗaya a takardar ba, har da Cherokee da suka yi yaƙi a ɓangarenta.

Sabuwar gwamnatin ta fara da kalamai masu kyau, kuma bai kamata a raina su ba, domin da su ake kama ta. Dokar 1787 ta yankin arewa maso yamma ta ce za a riƙa mu'amala da 'yan asalin ƙasa da matuƙar gaskiya, ba za a taɓa karɓar ƙasarsu ko dukiyarsu ba sai da yardarsu. A yarjejeniyar Holston ta 1791 Amurka ta lamunce wa Cherokee duk ƙasar da ba su sallama ba, ta kuma ce za ta ba su kayan noma don su bar farauta su koma noma da kiwo. Su kuwa da ma manoma ne, matansu sun daɗe suna noman masara da wake da kabewa tun kafin Bature ya zo. Amma saƙon a fili yake: ku rayu irin tamu, ku zauna lafiya a inda kuke.

Suka karɓi maganar da gaske. Wani maƙerin azurfa mai suna Sequoyah, wanda bai taɓa koyon karatun Turanci ba, ya yi shekaru yana sauraren harshensu har ya fitar da alamomi 86, kowace alama tana wakiltar gaɓa ɗaya, ya kammala a 1821. Cikin 'yan shekaru dubban mutane suka iya rubuta wa juna wasiƙa da harshen iyayensu. A 1827 suka rubuta tsarin mulki a babban birninsu New Echota, da majalisa da shugaba da kotu. A watan Fabrairun 1828 jaridarsu Cherokee Phoenix ta fito da harshe biyu, Elias Boudinot ne editanta, a shekarar kuma aka zaɓi John Ross babban shugaba. Suna da makarantu, da garmar shanu, da masaƙa, da injinan niƙa. Sun kuma kwaikwayi maƙwabtansu a abu mafi muni, domin attajiransu sun mallaki bayi baƙar fata. Ƙidayar 1835 ta nuna Cherokee kusan 16,500 da bayi kusan 1,600. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne, kuma yana da muhimmanci ga maganar kujera.

A daidai lokacin da suke wannan ƙoƙari, ana can ana ƙulla wani abu daban. A 1802 gwamnatin tarayya ta karɓi yankin da daga baya ya zama Alabama da Mississippi daga hannun jihar Jojiya, ta biya ta dala miliyan ɗaya da kwata, ta kuma yi mata alkawarin za ta kawar da haƙƙin 'yan asalin ƙasa a kan duk filin da ke cikin iyakar jihar da zarar hakan ya yiwu cikin lumana. Ƙasa ɗaya ke nan, an lamunce wa Cherokee ita a 1791, an yi wa Jojiya alkawarinta a 1802. A 1803, shekarar da ya sayi Louisiana daga Faransa a kan dala miliyan 15, Thomas Jefferson ya rubuta wa William Henry Harrison, gwamnan yankin Indiana, cewa zai so ya ga manyan 'yan ƙasa sun ci bashi a kantunan gwamnati, domin idan bashin ya fi ƙarfinsu za su yarda su biya da ƙasa. Wanda ya rubuta cewa an halicci mutane daidai da juna shi ne ya rubuta wannan.

Abin da ya ƙara wa wutar mai shi ne auduga. Injin gurzar auduga na Eli Whitney ya fito a 1793, masaƙun Ingila suna neman auduga ko nawa ce, ƙasar da ta fi dacewa da ita kuwa ita ce wadda Cherokee da Creek da Choctaw da Chickasaw suke zaune a kai. Korar waɗannan al'ummu da yaɗuwar bauta tafiyarsu ɗaya. Tsakanin 1790 da 1860 an sayar ko an kora bayi kusan miliyan ɗaya daga tsofaffin jihohi irin su Virginia zuwa sabbin gonakin kudu, an raba uwa da ɗa, miji da mata. Yawancinsu jikokin mutanen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne. A Jojiyar nan ma, a tsibirin Sapelo, akwai bawa Musulmi Bilali Muhammad wanda ya bar rubutu da haruffan Larabci. Labarin bai yi mana nisa yadda muke zato ba.

Andrew Jackson ya san Cherokee ido da ido. A yaƙin Horseshoe Bend na 1814 ɗaruruwan mayaƙansu ne suka ƙetare kogin Tallapoosa suka afka wa abokan gabarsa na Creek ta baya, Major Ridge, ɗaya daga cikin manyan Cherokee, da John Ross suna cikin rundunar. Bayan nasara ya karɓe eka kusan miliyan 23 daga hannun Creek, bai bambance wanda ya yaƙe shi da wanda ya taimake shi ba. Da ya ci zaɓen 1828, aka kuma samu zinare a yankin Dahlonega cikin ƙasar Cherokee, sai Jojiya ta ga lokaci ya yi. Ta shimfiɗa dokokinta a kan ƙasarsu, ta soke nasu, ta hana majalisarsu zama, ta hana su haƙar zinaren da ke ƙarƙashin gonakinsu, ta kuma hana ɗan asalin ƙasa ba da shaida a kan farar fata a kotu. Wannan ta ƙarshe ita ce mafi cutarwa, domin ma'anarta ita ce a shiga gidanka a kore dawakinka da rana tsaka, iyalinka duk suna kallo, amma ba mai shaida. A 1832 jihar ta auna ƙasar, ta yanka ta eka 160-160, wuraren zinare eka 40-40, ta raba wa fararen fata ta hanyar jefa ƙuri'a, masu ita suna zaune a ciki. John Ross kansa ya dawo daga Washington ya tarar da baƙo a gidansa.

Ba su ɗauki makami ba, kotu suka je. Suka ɗauki William Wirt, tsohon babban lauyan gwamnatin tarayya. A 1831 kotun ƙoli ta ƙi sauraren ƙararsu a kan cewa su ba ƙasar waje ba ce. Sai Jojiya ta ɗaure 'yan mishan biyu, Samuel Worcester da Elizur Butler, shekara huɗu da aiki mai tsanani, saboda sun zauna cikin Cherokee ba da izinin jiha ba. Ta wannan ƙofa maganar ta koma kotu, kuma a watan Maris na 1832 alƙalin alƙalai John Marshall ya yanke hukunci cewa Cherokee al'umma ce mai zaman kanta a cikin iyakarta, dokokin Jojiya ba su da wani ƙarfi a can. Sun yi nasara a kotu mafi girma a ƙasar, da dokar ƙasar, da lauyan ƙasar.

Jojiya ta yi biris. Jackson ya rubuta wa abokinsa John Coffee cewa hukuncin ya zo a mace. Masu kare shi suna cewa shari'ar ba ta kai matakin da doka za ta tilasta masa tura soja ba, kuma a ƙa'idance akwai gaskiya a ciki. Amma yarjejeniyoyin da suka wajabta wa tarayya kare iyakar Cherokee suna nan, shi ne kuma ya janye sojojin tarayya daga yankin zinare ya bar wa dakarun Jojiya wurin. Kafin shekarar ta ƙare jihar South Carolina ta ce ba za ta bi dokar harajin kaya ta tarayya ba, nan take Jackson ya yi shela, ya nemi majalisa ta ba shi ikon amfani da ƙarfin soja, ta kuma ba shi. Da haraji ya shiga haɗari ya nuna yana da ƙarfin tanƙwara jiha. Da mutum dubu goma sha shida suka shiga haɗari bai motsa ba.

A nan ne al'ummar ta rabu, kuma wannan ɓangare ne ya fi taɓa ni. Major Ridge, da ɗansa John Ridge, da Elias Boudinot, su ne a da suke kan gaba wajen ƙin ƙaura. John Ridge da Boudinot sun yi karatu a Connecticut, sun auri fararen mata, sun ga yadda mutanen garin da suke yabon iliminsu suka tayar da hankali a kan auren. Bayan hukuncin 1832 ya tafi a banza, suka yanke cewa ba sauran mai ceto, gara a karɓi abin da za a iya karɓa a tafi tun mutane suna da rai. Ba na kiran su maciya amana cikin sauƙi, domin abin da suka hango ya faru. Amma ba wanda ya wakilta su. Ross da majalisa da mafi yawan jama'a sun ƙi. Dakarun Jojiya suka ƙwace injin buga jaridar, a watan Nuwamban 1835 suka ƙetara cikin Tennessee suka kama Ross suka tsare shi na wani lokaci. Ranar 29 ga Disamba, a New Echota, a taron da 'yan ɗaruruwa kawai suka halarta, mutum kusan ashirin suka sa hannu a takardar da ta sallama duk ƙasar Cherokee ta gabas a kan dala miliyan 5. Dokar Cherokee ta tanadi kisa ga wanda ya sayar da ƙasa ba da izinin al'umma ba, Major Ridge ya san da ita sarai, an kuma ruwaito ya ce takardar mutuwarsa ya sa wa hannu.

Gwamnati ta san takardar ba ta halatta ba. Wani hafsan sojanta da aka tura rajistar masu ƙaura ya rubuta wa sakataren yaƙi cewa wannan ba yarjejeniya ba ce ko kusa. Ross ya kai koke har Washington, ɗaya daga cikin takardun koken na ɗauke da sunaye sama da 15,000, kusan duk al'ummar ke nan. Majalisar dattawa ta amince da yarjejeniyar a watan Mayun 1836 da ƙuri'a 31 da 15. Ana bukatar kashi biyu cikin uku, da mutum ɗaya ya sauya da ta faɗi.

An ba su shekara biyu. Mafi yawansu ba su tafi ba, suka yi shuka kamar kullum. A watan Mayun 1838, zamanin shugaba Martin Van Buren, Janar Winfield Scott ya shiga da sojoji kusan 7,000. Aka riƙa ɗauko mutane daga kan abinci, daga gona, daga hanya, a tura su cikin shingayen katako, masu wawaso suna biye da sojoji suna kwashe dabbobi da kayan ɗaki. Rukunan farko da soja suka tafi da su ta ruwa cikin zafin Yuni sun yi asarar rayuka sosai, har Ross ya roƙi a bar su su tafiyar da ƙaurar da kansu idan zafi ya sauka. Suka yi bazara a tsare, atuni da ƙyanda da tarin shiƙa suna ɗaukar yara da tsofaffi. Daga nan suka tashi rukuni 13, kowane kusan mutum dubu, yawanci a ƙasa, tafiyar mil ɗari takwas ko fiye. Hunturu ya riske su a kudancin Illinois, ƙanƙara ta hana ƙetare Mississippi, suka yi makonni a fili. Elizur Butler, ɗan mishan ɗin da aka ɗaure, likita ne, ya bi su, shi ne ya ƙiyasta cewa mutum kusan 4,000 suka mutu. Matar Ross, Quatie, ta rasu a hanya kusa da Little Rock. Bayin da suke tare da su ma sun yi tafiyar, sun mutu a cikinta, ba a cika lissafa su ba. Wannan ita ce tafiyar da ake kira Hanyar Hawaye. Ranar 22 ga Yunin 1839, a sabuwar ƙasar, aka kashe Major Ridge da John Ridge da Boudinot a rana ɗaya.

Takardar New Echota ta ɗora wa Amurka wasu wajibai. Sashe na 5 ya ce ba za a taɓa shigar da sabuwar ƙasar Cherokee cikin wata jiha ba sai da yardarsu. A 1893 aka buɗe wani babban yankinsu ga masu tseren kama fili, dokar Curtis ta 1898 ta rushe kotunansu ta kuma tilasta yanka ƙasar al'umma gida-gida, a 1907 aka kafa jihar Oklahoma a kai. Sashe na 7 shi ne ya ce suna da haƙƙin wakili a majalisar wakilai a duk lokacin da majalisa ta yi tanadin hakan. Ba a taɓa soke wannan sashe ba. A 2019 shugaban Cherokee Chuck Hoskin ƙarami ya naɗa Kimberly Teehee, wadda ta taɓa zama mai bai wa shugaba Obama shawara kan harkokin 'yan asalin ƙasa, majalisar Cherokee ta amince da ita. A watan Nuwamban 2022 kwamitin ƙa'idoji na majalisar wakilai ya yi zaman sauraren bahasi a kan batun, amma majalisar ta kammala wa'adinta ba ta zaunar da ita ba.

Masu ja da baya suna da hujjoji, wasu kuma na gaske ne. Ta farko ita ce, Cherokee da kansu sun ce takardar ta bogi ce, ta yaya yanzu za su kafa hujja da ita? Wannan ita ce mafi rauni. Amurka ce ta dage cewa takardar halattacciya ce, ta tura soja dubu bakwai suka aiwatar da ita, kuma har yau duk takardar mallakar fili a arewacin Jojiya a kanta ta dogara. Wanda ya karɓi gona ya yi shekaru yana cin amfaninta ba ya cewa takardar ciniki ta tsufa ranar da aka zo karɓar cikon kuɗi. Idan takardar tana da ƙarfi, sashe na 7 yana da ƙarfi. Idan ba ta da shi, maganar da za a yi ta fi kujera ɗaya girma nesa ba kusa ba, kuma ba wanda yake son a buɗe ta.

Ta biyu ita ce 'yan Cherokee 'yan ƙasar Amurka ne, suna zaɓen wakilan mazaɓunsu, ƙarin wakili zai ba su murya biyu. Amma kujerar da ake magana irin wadda ba ta da ƙuri'a a zauren majalisa ce. Akwai irinta guda shida yanzu haka: ta birnin Washington, da Puerto Rico, da Guam, da Samoa ta Amurka, da tsibiran Virgin, da Mariana ta Arewa. Masu riƙe da su suna gabatar da ƙudiri, suna magana, suna aiki a kwamitoci, amma ba su da hannu a ƙuri'ar ƙarshe da ke zartar da doka. Wakilin Cherokee kuwa gwamnati zai wakilta wadda ta girmi tsarin mulkin Amurka a matsayin al'umma, wadda Amurka ta ƙulla yarjejeniya da ita tun 1785 a Hopewell, kuma a waccan takardar ma an ambaci haƙƙinsu na tura manzo majalisa. Masu rajista a matsayin 'yan Cherokee Nation, al'ummar da ta naɗa Teehee, sun haura 400,000, sun fi mutanen Guam da Samoa da Virgin da Mariana a haɗe.

Ta uku ita ce mai nauyi. Gwamnatin tarayya ta amince da al'ummun Cherokee guda uku: Cherokee Nation da United Keetoowah a Oklahoma, da kuma ta gabas a North Carolina, jikokin waɗanda suka tsira a cikin duwatsu. Keetoowah sun ce su ma magada ne, har sun naɗa tasu wakiliyar. Wannan saɓani ne na gaske, dole a zauna a warware shi da su ukun. Amma rabuwar nan korar ce da abin da ya biyo bayanta suka haifar da ita. Bai dace wanda ya tarwatsa mutane ya mayar da tarwatsewarsu dalilin riƙe haƙƙinsu ba. Majalisar da ta iya tsara wakilcin tsibiran da ke tsakiyar Pasifik za ta iya kiran shugabanni uku ta saurare su.

Akwai kuma masu cewa daga ɗaya ɓangaren, kujera marar ƙuri'a me za ta tsinana wa wanda aka ƙwace wa ƙasa? Na fahimci wannan fushi, kuma kujera ba diyyar mutum dubu huɗu ba ce. Sai dai a kwamitoci ake rubuta kasafin asibitocin 'yan asalin ƙasa da makarantunsu da dokokin filayensu, kuma zama a ɗakin ya fi aika wasiƙa daga waje. Sannan abu ne da aka rubuta, wanda za a iya gani an cika ko ba a cika ba. A 2009 majalisa ta nemi afuwar 'yan asalin ƙasa, amma ta cusa kalaman cikin dokar kasafin kuɗin tsaro, ta ƙara da cewa ba za a iya kafa wata ƙara da su ba, shugaban ƙasa kuma bai tsaya gaban jama'a ya karanta su ba. Irin wannan afuwa ba ta ɗora wa mai nemanta komai. Tsarin mulkin Amurka ya sa yarjejeniyoyi cikin dokoki mafi girma na ƙasa, kuma a 2020, a shari'ar McGirt, kotun ƙoli da rinjayen alƙalai 5 da 4 ta ce ƙasar da aka yi wa Creek alkawari a Oklahoma tana nan a matsayinta a doka tunda majalisa ba ta taɓa soke ta ba. Alƙali Neil Gorsuch, wanda shugaba Trump ya naɗa, shi ya rubuta hukuncin.

Su ma Cherokee an kama su da irin wannan hujja. Bayan yaƙin basasar Amurka, a yarjejeniyar 1866, sun amince cewa bayin da suka 'yanta da zuriyarsu suna da duk haƙƙin ɗan Cherokee. Daga baya suka nemi zamewa, har a 2007 suka kaɗa ƙuri'ar da ta fitar da jikokin bayin daga rajista. Wannan zalunci ne, kuma zaluncin da aka yi wa kakanninsu bai wanke shi ba. Jikokin bayin suka je kotu riƙe da takardar 1866. A 2017 alƙalin tarayya a Washington ya ce alkawarin yana nan daram, gwamnatin Cherokee ta karɓi hukuncin ba ta ɗaukaka ƙara ba, a 2021 kuma kotun ƙolinsu ta goge sharaɗin jini daga tsarin mulkinsu. Kotun Amurka ce ta ce musu takardar da ta shekara 151 tana ɗaure su, suka bi. Tsakanin takardar 1866 da ta 1835 shekara 31 ce kawai, kuma majalisar dattawa ɗaya ce ta amince da su duka biyun.